Bayanan Yanayi Tsakanin Gwamnati da Kamfanoni: Misalin Amurka

1. Gabatarwa

Hasashen yanayi ba ya yiwuwa sai da awo. Kafin masana su ce gobe za a yi ruwa, sai an tara musu awon zafi da laima da nauyin iska daga tashoshin ƙasa, da balan-balan, da jiragen sama, da taurarin ɗan'adam. Waɗannan alƙaluma su ake kira bayanan yanayi. A da, gwamnatoci ne ke tara mafi yawansu. Yanzu kamfanoni ma suna tarawa, gwamnati kuma tana saye daga wurinsu. Wannan takarda za ta duba tambaya guda: idan gwamnati ta sayi bayanai da kuɗin jama'a, shin jama'a suna da ikon ganinsu?

2. Tsarin da aka saba

A dokar Amurka, aikin da gwamnatin tarayya ta yi da kanta ba shi da haƙƙin mallaka. Saboda haka hukumar NOAA, wadda aka kafa a 1970 don kula da harkokin teku da yanayi, tana ba da bayananta da hasashenta kyauta. Hujjar ita ce, mai biyan haraji ya riga ya biya, bai kamata ya biya sau biyu ba. Haka kuma a 1995 Hukumar Yanayi ta Duniya, mai mazauni a Jeniba, ta zartar da ƙuduri mai lamba 40, wanda ya ce ƙasashe su yi musayar muhimman bayanai kyauta ba tare da shinge ba. Dalili a fili yake: iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

Wannan tsari ya taɓa samun masu adawa. A 2005 Sanata Rick Santorum ya gabatar da ƙudurin da zai hana hukumar hasashe ta gwamnati yin gasa da kamfanoni masu sayar da hasashe. Ƙudurin bai zama doka ba.

3. Yadda gwamnati ta zama mai saye

A 2016 NOAA ta soma gwajin sayen bayanai daga kamfanoni biyu, Spire da GeoOptics. A 2017 majalisa ta yi dokar da ta ƙarfafa wannan ciniki, a 2020 kuma aka ba kamfanonin kwangilar kawo bayanai don hasashen yau da kullum.

Ga yadda ake samun bayanan. Kamfanonin suna da ƙananan taurari masu kama siginar GPS. Idan siginar ta ratsa iskar da ke kewaye da duniya, takan ɗan lanƙwashe. Daga girman lanƙwasar ake lissafa zafi da laima a matakai daban-daban na sararin sama, har a bisa teku da hamada inda babu tashar awo. Ga gwamnati, sayen irin wannan awo ya fi harba sabon tauraro sauri.

4. Inda gizo ke saƙar

Abin da gwamnati ke saye shi ne izinin amfani da bayanan, mallakarsu kuwa tana nan hannun kamfani. Takardar kwangila ce ke faɗin wanda za a iya bai wa bayanan da lokacin da za a ba shi. Kamfani yana son ya sayar wa ƙasashe da yawa. In mai saye na farko ya raba wa kowa, kasuwa ta mutu. Don haka izinin rabawa ba iyaka ya fi tsada, kuma kwangilolin farko na NOAA sun taƙaita rabawar.

Dokar ƴancin samun bayanai ta 1966 ba ta warware matsalar ba, domin ta keɓe sirrin kasuwanci da bayanan ciniki daga abin da ɗan ƙasa zai iya nema. Ke nan, ana iya gina hasashen da kowa ke ji a rediyo bisa awon da ba kowa ke da ikon dubawa ba. Mai bincike a jami'a da ke son tantance hasashen shi ne ya fi jin jiki.

5. Abin da ya shafi Sahel

Masana yanayi a ƙasashenmu suna amfani da sakamakon manyan na'urorin hasashe na Amurka da Turai. Cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD da ke Yamai suna cikin masu shirya hasashen damina kowace shekara, wanda manomi ke sauraro kafin ya zuba iri. Idan musayar bayanai ta raunana, ƙasashen da ba su da kuɗin saye ne za su fara ji.

6. Kammalawa

A 2021 Hukumar Yanayi ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta, ta raba bayanai gida biyu: na tushe, waɗanda wajibi ne a yi musayarsu kyauta, da waɗanda aka ba da shawarar a raba. To amma ƙa'idar ta hau kan ƙasashe ne, kamfani kuwa abin da ya sa wa hannu kaɗai ya sani. Saboda haka duk gwamnatin da za ta sayi awo, tun a teburin ciniki ya kamata ta biya kuɗin izinin rabawa. In ta bari sai bayan an sa hannu, ta makara.