Wathiƙatu Ahlis Sudan: Ƙarfin Takardar Shelar Manufa da Haɗarinta

Gabatarwa

Akwai wani nau'in rubutu da ake yi domin tara mutane a kan manufa ɗaya. Larabawan zamani suna kiran sa bayan, mu kuwa muna iya kiran sa takardar shelar manufa. Irinsa ne Karl Marx da Friedrich Engels suka fitar a Landan a 1848, kuma irinsa ne mawaƙin Italiya Marinetti ya buga a wata jaridar Faransa a 1909 yana kiran masu fasaha su juya wa tsohon salo baya. A Kano ma Sanarwar Sawaba ta fito ranar 8 ga Agusta, 1950, tare da kafuwar jam'iyyar NEPU. Manufofin waɗannan takardu sun yi hannun riga, amma siffarsu ɗaya ce: gajeru ne, suna yanke hukunci kai tsaye, suna kuma neman mai karatu ya tashi ya yi aiki. Wannan maƙala za ta duba misalin da ya fi kusa da ɗalibin ilimin addini a ƙasarmu, wato Wathiƙatu Ahlis Sudan ta Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817), Allah Ya yi masa rahama.

Yanayin da ta fito

Shehu ya shafe kusan shekara 30 yana karantarwa da wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi kafin al'amari ya kai ga takobi. Da jama'arsa ta yi yawa, Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya kuma hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. A zamanin Yunfa abin ya ƙara tsanani, har aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana. A watan Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, inda jama'a suka yi masa mubaya'a, a watan Yuni kuma aka gwabza a Tafkin Kwatto. Wathiƙa 'yar wannan yanayi ce. Mutanen da ke warwatse a garuruwa suna bukatar sanin abin da ya wajaba a kansu, kuma babban littafi ba ya saurin kwafuwa, balle ya yi tafiya a aljihun ɗan aike.

Tsarinta

Bayan yabon Allah da salati, takardar ta jera mas'aloli 27, kowace a jumla ɗaya ko biyu, mafi yawansu kuma da hukuncinsu: wajibi ne ko haramun ne, bisa ijma'i. Ta fara da umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna, sannan hijira, da naɗa Amirul Muminina da yi masa ɗa'a, da jihadi, da naɗa sarakuna da alƙalai. Ta kuma kafa ƙa'idar cewa ana yi wa ƙasa hukunci ne gwargwadon addinin mai mulkinta, daga nan ta rarraba sarakunan da ya wajaba a yaƙa.

A nan ƙarfinta yake. Dogaro da ijma'i yana rufe ƙofar jayayya, domin wanda ya yi musu ya zama yana musu da malaman al'umma baki ɗaya. Jerin mas'alolin kuma tsani ne: wanda ya yarda da wajabcin hani ga mummuna zai tarar matakin hijira na jiran sa, wanda ya yi hijira yana bukatar shugaba, shugaba kuma yana bukatar alƙalai. Wannan ne ya sa A. D. H. Bivar, da ya buga nassinta da fassararta a 1961, ya ɗauke ta a matsayin shelar manufar jihadin.

Ɓangaren da ake tsallakewa

Mai karatu da ya tsaya a wajibai ya karanta rabin takardar ne. A cikinta Shehu ya haramta kafirta Musulmi saboda bidi'ar aiki ko saboda saɓo. Ya haramta cin dukiyar Musulmi da zalunci, da bautar da 'ya'yan Musulmi a duk ƙasar da suke zaune, da yaƙar waɗanda aka ba amana. Wannan matsayi yana da tushe a karatunsa, domin a kan kafirtawa da zunubi ne ya saɓa wa malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, duk da girman da yake ba shi. Takardar da ta buɗe ƙofar yaƙi ita ce kuma ta gindaya masa iyaka.

Haɗarin taƙaitawa

Abin da takardar shela take samu na sauri, tana biyan sa da hujja da sharaɗi. Shehu ya san haka, shi ya sa a 1806 ya kammala Bayanu Wujubil Hijira, inda ya baje dalilai da maganganun malaman Malikiyya babi-babi. Duk da haka tambayoyi sun taso. Shehu Muhammadu Al-Amin Al-Kanemi ya rubuto daga Borno yana tuhumar hujjar yaƙar mutanen da suke salla da azumi, Muhammadu Bello kuma ya adana wannan musayar wasiƙu a Infaƙul Maisuri. A cikin gida ma Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan wasu mayaƙa, har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas, ya tsaya a Kano inda ya rubuta Diya'ul Hukkami. Jumlar da ke da sauƙin hardacewa, wurin ɗora ta a kan mutum ayyananne ne ake bukatar alƙali da bincike da tsoron Allah.

Kammalawa

A yau akan ji masu tsinto jumla ɗaya daga Wathiƙa, musamman ta hukuncin ƙasa, su halatta jinin maƙwabtansu da ita, alhali wanda ya rubuta ta ya haramta musu hakan a takarda guda. Wajibin malami da ɗalibi shi ne su karanta ta tare da littattafan da suka faɗaɗa ta, da yanayin Gobir da ya haife ta, da muhawarar da ta biyo bayanta. Haka ya kamata a yi wa kowace takardar shela, ta addini ce ko ta siyasa: a tambayi wa aka rubuta wa, a wane hali, da kuma sharuɗɗan da aka bari a baya domin ta gajarta. Allah ne Mafi sani.