Direba Bai Kashe Mota Ba

Duk wanda ya saba bin titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga, ya bi ta Shagari da Tambuwal ya nufi Jega, ya san yadda ciniki yake a bakin hanya lokacin kakar albasa. Mota ta ci burki, direba bai kashe inji ba, fasinja ya leƙo ta taga. Minti ɗaya ko biyu ne a hannun mai albasa, kuma a cikinsu zai nuna kaya, ya faɗi kuɗi, a taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama, ya juye a leda, ya ba da canji. In ya tsaya neman takalminsa, hon ɗaya direba zai danna, cinikin ya koma hannun wani a gari na gaba.

Yanzu matasanmu da yawa sun kai sana'arsu intanet. Akwai mai tura buhunan albasa Legas da Onica da Fatakwal, akwai mai ɗinki, da mai kilishi, da mai haɗa sola, da mai makarantar kuɗi. Wasu sun biya an gina musu shafi na kansu, mafi yawa kuma Facebook da WhatsApp suka riƙe. Kukansu kusan ɗaya ne: ana shigowa, ba a saye. Ni a ganina, abin da ya ɓace musu shi ne abin da iyayensu na bakin titi suka daɗe da sani. Wanda ya buɗe shafinka karon farko fasinja ne a cikin motar da ba a kashe ba. Ba wurinka ya nufa ba, wucewa yake yi, ya ɗan leƙo.

Masu bincike sun auna wannan ɗan lokaci. A 2016 kamfanin Google ya fitar da sakamakon da ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu buɗe shafi da waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Tun kafin nan, a 2011, Jakob Nielsen, masanin yadda mutane ke mu'amala da shafuka, ya rubuta cewa galibi mai ziyara yakan fita cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, sai fa in ya ga abin da zai amfane shi.  Ka auna mutumin da ke tsaye a ƙauye irin Danchadi ko Sifawa, sanda biyu ce a wayarsa, datar ta kwana ɗaya ce, wadda kuma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Hoto guda da aka ɗauka da waya aka ɗora shi yadda yake zai iya kai megabait 4. Guda goma a shafin farko sun zama 40. Mutum yana kallon ɗan zoben nan yana juyawa a tsakiyar allo, yana jin kuɗinsa na zuba, bai ga komai ba tukuna. Wa zai tsaya? Alhali kowane ɗayan hotunan nan ana iya rage nauyinsa ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, ido bai ga bambanci a waya ba.

In shafin ya buɗe, sai maganar abin da ido zai fara sauka a kai. Mai albasa ba ya ɓoye kayansa a bayan rumfa. Tun daga nesa za ka hango jajayen ƙwallaye an jera su kashi-kashi, manya a gefe, ƙanana a gefe, kwanduna a baya, don tun direba bai gama tsayawa ba fasinja ya san me ake sayarwa. Amma buɗe shafukan kasuwancinmu ka gani. Abin da zai tare ka shi ne hoton mai kamfani cikin babbar riga, da doguwar marhabin cikin Turanci, da tarihin yadda aka kafa kamfanin, da burinsa na zama na ɗaya a Afirka. Sai ka ja ƙasa sau uku ba ka gane ko taki suke sayarwa ko atamfa ba. Laifin a nan rabi na mai shafin ne, rabi na wanda ya gina masa, don shi maginin mai biyansa yake son burgewa, mai saye kuwa ba ya wurin lokacin da ake yaba aikin. Layi ɗaya ya isa a saman shafi: ga abin da muke sayarwa, ga inda muke, ga inda muke kaiwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoye farashi. Za ka ga an ɗora hoton kaya mai kyau, mutum goma sun tambaya nawa ne, amsar kowa ita ce ya biyo ta saƙon sirri. Na san hujjar masu yin haka, kuma ba ta rasa tushe: farashin albasa ba ya zama wuri ɗaya, na lokacin da aka kwashe ta daga fadama daban, na damina da ta yi ƙaranci daban, ga kuma abokan hamayya suna leƙe. Amma duba yadda ake yi a bakin titi. Fasinja ya ce, "Baba, nawa kwandon?" Nan take dattijon zai yanka kuɗi, ko da ya san za a taya ƙasa, domin sai an faɗi wani abu ciniki yake samun inda zai tsaya. Da zai ce, "Sauko daga mota mu zaga baya in gaya maka," da ba wanda zai sauko, kuma da an tafi ana zargin akwai lauje cikin naɗi. Farashin da ke canzawa maganinsa a rubuta shi tare da kwanan wata, a riƙa sabunta shi kowane mako. Haka kuɗin mota. Cibiyar Baymard da ke Denmark, wadda ta daɗe tana nazarin saye ta intanet, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka zaɓi kaya suna fasawa kafin su biya, kuma babban dalilin da suke bayarwa shi ne ƙarin kuɗin da ya ɓullo a ƙarshe, irin na kai kaya. Gara mai saye ya sani tun farko cewa dakon buhu zuwa kudu a kansa yake, kuma ga kimanin abin da zai ci.

Akwai wani abu da gogaggun masu albasa suke yi wanda ya cancanci a tsaya a kansa. In suka ga fasinja yana shakka, ba sa rantse-rantse. Sai mutum ya tura hannu can ƙasan kwando, ya zaƙulo guda biyu, ya miƙa ta taga, ya ce, "Matsa ka ji, Alhaji." Ya san tsoron mai saye bai wuce a ce an jera masu kyau a sama an ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa ba, sai ya kashe wannan tsoro kafin a furta shi. A shafi, kwatankwacin wannan shi ne hoton kayanka na gaskiya, wanda ka ɗauka da wayarka a rumbunka, da hasken rana, har da ɓawon da ya zube a ƙasa. Ɗan gajeren bidiyo na yadda ake cika buhu a ɗinke baki ya fi hotuna ashirin masu ƙyalli da aka kwaso daga shafin wata ƙasa. Mutanenmu sun iya gane hoton aro, kuma da zarar sun gane guda ɗaya, sauran maganarka ta zube.

Sai dai kwatancin nan yana da inda ya gaza, kuma wajibi ne a faɗa. Fasinja yana ganin fuskar mai albasa, yana karɓar kaya kafin ya miƙa kuɗi. Wanda ke Onica kuwa kuɗinsa zai tura wa mutumin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da kusan kowa ya san wani da aka damfara ta waya. Manyan kamfanoni ma sun ci karo da wannan: Jumia da Konga, da suka fara a 2012, da tsarin biya in kaya sun iso suka jawo mutane. Ƙaramin ɗan kasuwa ba lallai ya iya hakan ba, amma yana iya sa adireshi na gaskiya wanda za a tambaya a gari a nuna, da lambar rajistarsa ta hukumar CAC in yana da ita, da asusun banki mai ɗauke da sunan kasuwancin, ba sunan wani ƙane ko wata matar da ba a ambata a ko'ina ba. Kuma ya tabbata maginin ya sa wa shafin kariya, domin tun watan Yulin 2018 manhajar Chrome take rubuta gargaɗin rashin tsaro a kan shafukan da ba su da ita. Baƙo ya ga wannan gargaɗi, ba zai tambayi dalili ba.

Wani abin da ke korar mutane shi ne saurin tambayarsu. Kafin mutum ya ga kaya, allo ya rufe ana neman sunansa da imel da kalmar sirri. Yawancin abokan cinikinmu ma ba su tuna imel ɗinsu ba, wanda ya saita musu waya ne ya buɗe. A bar mutum ya duba, ya zaga, ya fita ya dawo. Lambarsa da kansa zai ba ka ranar da ya shirya saye.

A wurinmu, ciniki ba ya ƙarewa a shafi, a baki yake ƙarewa. Shi ya sa maɓallin WhatsApp ko na kira ya kamata ya kasance inda babban yatsa zai same shi ba tare da nema ba. Manhajar WhatsApp Business ta fito tun Janairun 2018, kuma tana ba da damar jera kaya da farashi kyauta. Ga dattijon da ya fi sabawa da ajami, ko wanda bai yi boko ba, saƙon murya ya wadatar da shi. A rubuta shafin da Hausa mai sauƙi ga na gida, a sa Turanci ga na kudu. Amma duk wannan banza ne in lambar a kashe take, ko aka yi sallama da safe sai bayan isha'i a amsa. Wanda ya turo saƙo ya tura wa mutum uku, kuma wanda ya fara amsawa da fara'a shi ke ɗaukar cinikin.

Saboda haka, ɗan'uwa mai shafi, kada ka gwada shi a babbar kwamfutar maginin da ke cikin birnin Sakkwato. Ari ƙaramar waya mai araha, ka fita da ita ƙauye inda sabis ke rawa, ka miƙa wa wanda bai san sana'arka ba, ka yi shiru ka kalli yatsansa. Bayan daƙiƙa goma ka tambaye shi me ake sayarwa, nawa ne, kuma wa zai kira. Duk wadda ya kasa amsawa a cikin ukun nan, ka koma ka gyara ta a wannan makon, kafin ka ƙara kashe ko naira ɗaya a kan talla.