Yaƙin ƴancin Amurka: mayaƙa ba riga ba takalmi

A watan Disamba 1777, cikin tsananin ɗari, Janar Washinton ya sanar da majalisa cewa sojojinsa 2,898 a sansanin Valley Forge ba su iya fita fagen fama, don ba takalmi ba sutura. Ba mamaki: yawancin yadin ƙasar daga Ingila yake zuwa, ga shi da ita ake yaƙi.

A 1780 matan Filadelfiya, bisa jagorancin Esther Reed, suka bi gida-gida suna tara kuɗi don a damƙa wa kowane soja nasa a hannu. Washinton ya ƙi, yana gudun kuɗin su ƙare wajen giya. Riguna yake so. Matan suka haƙura, suka sayi yadi, suka ɗinka riguna sama da 2,000, da sunayen maɗinkan a jiki.