Kamun Kifi a Fadamun Bakin Teku Lokacin Hunturu: Ruwan da Ke Tafiya Ya Dawo

Da zarar damina ta ɗauke, kogunan da ke malala cikin tafkin Legas da fadamun Neja Dalta sai su ja baya, ruwan teku kuma ya kutso ciki. Gishiri ya ƙaru, kifin teku ya biyo shi har lungunan da a watan Agusta ba a ganinsa. Daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu ne kakar bonga, kifin nan mai ƙaya da ake bandarwa a kai kasuwanni, ga ƙaguwa da jatan lande. Lokacin ya zo daidai da tafiyar 'yan cin rani, cikinsu har da masunta da fataken kifi daga Arewa. Sai dai mutumin da ya ƙware a gulbin Argungu ko Yawuri, idan ya sauka Epe ko Bonny, sabon shiga ne.

Kogi hanya ɗaya yake gudu, cikarsa kuma sai da damina. Ruwan fadamar teku kuwa sau biyu yake cika, sau biyu yake janyewa a kowace rana, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25. Ma'ana, idan yau ruwa ya cika da ƙarfe shida na safe, gobe sai wajen bakwai saura minti goma. Wata ne ke jan akalarsa: ranakun tsayuwar wata da na sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma ta fi nisa. A Legas bambancin bai cika wuce mita ɗaya ba, amma a Bonny yakan kai biyu, a Kalaba kusan uku.

A nan baƙo ke shiga uku. Ya tura kwalekwale cikin wani siririn rafi tsakanin itatuwan mangurof, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a waje, ya jefa birgi, kifi na shiga, ya shagala. Kafin ya ankara ruwan ya zurare, jirgi ya zauna daram a kan taɓo. Taɓon ba irin na bakin kogi ba ne: baƙi ne, mai wari, yana haɗiye ƙafa har cinya, ga ɓawon kawa manne a saiwoyi da ke yanka kamar reza. Wanda ya sauka ya ce zai taka zuwa tudu, ruwan na iya dawowa ya iske shi a kafe. Masuntan wurin zama suke yi cikin jirgi su jira ruwa ya kawo, shi ya sa ba sa fita ba ruwan sha da ɗan abin taɓawa.

Hazon hunturu na ƙara dagula lamari daga Disamba zuwa Fabrairu. Rafukan duk kamarsu ɗaya, jiragen fasinja masu inji kuma na keto hazo da gudu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana zirga-zirgar dare a ruwa, ta kuma wajabta rigar kariya, amma har yanzu wasu na ganin saka ta gazawa ce.

Mai shiga ruwa da ƙafa ya riƙa jan ta a ƙasa maimakon ɗagawa, domin kunamar ruwa na kwanciya cikin yashi, tana harbin wanda ya taka ta. Idan ta yi harbi, a tsoma wurin cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, sannan a nufi asibiti. Ko yankan kawa ne, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu. In ya kumbura ya yi ja, ko zazzaɓi ya biyo, ba a kwana da shi, musamman ga mai ciwon sukari ko na hanta.

Masu saye ma da nasu. A farkon 2020 matattun kifaye masu ɗimbin yawa suka yi ta fitowa gaɓar Dalta, Bayelsa da Ribas. A Afrilun 2021 aka ga irin haka a Osu da ke Akara, hukumomin Gana suka gargaɗi jama'a kada su ci. Banda ba ta fitar da guba, ɓoye ta kawai take yi. Haka kifin da aka kashe da maganin ƙwari na Gamalin ko nakiya, abin da dokokin kamun kifi na Najeriya na 1992 suka haramta. Kifin da ke warin fetur ko magani, ko aka tsinto shi matacce, kada a saya komai arharsa.

Duk mai niyyar shiga waɗannan fadamu a bana, ya fara bin ɗan gari na 'yan kwanaki, ya tambayi lokacin ruwa kafin ya kwance jirgi, ya kuma gaya wa wani rafin da ya nufa da sa'ar da zai dawo.