Laimar Sarki a Gaban Kyamara

Ranar Hawan Daushe, wanda ya tsaya can nesa a filin Ƙofar Kudu ba zai ga fuskar Sarkin Kano ba. Ƙura ta turnuƙe, dawaki sun cika ido, rawuna sun yi yawa. Amma da zarar laima ta ɓullo bisa kawunan jama'a, tana juyi, gezarta na kaɗawa, ko yaron da ya ɗare katanga ya san Sarki ya iso. Hakimai sun riga sun wuce da alkyabbu da kayan doki na gani na faɗa, amma ba wanda aka riƙa wa irinta. Tana tare rana, ba musu. Babban aikinta dai shi ne ta nuna wa dubban mutane inda Sarki yake, ba tare da an ce uffan ba.

Shi ya sa abin ke ci mini tuwo a ƙwarya in ina kallon wasu finafinanmu na sarauta. An kashe kuɗi an ɗinka alkyabba, an yi hayar dawaki, an kira gwani ya naɗa rawani mai kunne biyu, sai ga dogari a baya riƙe da laimar leda irin ta masu sayar da katin waya, an yafa mata ƙyalle, tambarin kamfanin yana leƙowa ta ƙasa. A labarin da aka ce ya faru kafin zuwan Turawa! Mai kallo ba zai tsaya ya lissafa abin da ya ɓaci ba, amma kwarjinin da ake son sarkin nan ya yi ya riga ya zube.

Alhali kuwa abu ne mai dogon tarihi. Sarakunan Faɗimiyya da suka mulki Masar daga 969 zuwa 1171 suna da babban bafade wanda aikinsa riƙon laima, kuma akan dace launinta da launin tufar da halifa ya sa a ranar. Ibn Baɗɗuɗa, da ya je Mali a 1352 zamanin Mansa Sulaiman, ya ba da labarin laimar alharini da ake kafa wa sarki, a kanta akwai tsuntsun zinariya mai girman shaho. Har gobe Sarkin Maroko a ƙarƙashin laima yake fitowa ranar da ake sabunta masa mubaya'a. Ta kudu kuma, a ƙasar Asante, inda goron da fatakenmu ke ɗaukowa daga Gwanja yake fitowa, laimomin sarakuna manya ne ƙwarai, kowace da siffar da aka sassaƙa a ƙololuwarta mai ɗauke da wani karin magana. Da sojan Ingila suka ci Kumasi a 1874, laimar Sarki Kofi Karikari na cikin abin da suka kwasa, aka kai wa Sarauniya Biktoriya. Sun san abin da suka ɗauka.

A nan gida, littafin Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara amfani da kakaki da figini da takalmin gashin jimina. Duka kayan raba Sarki da sauran jama'a ne, wani ta kunne wani ta ido, kuma laima a sahunsu take tafiya in an yi hawa. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Idanun waje sun ƙara dawowa kan waɗannan kaya, don haka mai fim ba shi da uzurin yi musu riƙon sakainar kashi.

Tambayar farko da mai kula da sutura zai yi wa darakta ita ce: yaushe labarin ya faru? Domin ƙwarangwal ɗin laima yana da shekaru. A Turai, kafin tsakiyar ƙarni na 19, da sanda mai lanƙwasuwa ake yin haƙarƙarinta, ko da wani abu mai tauri da ake cirowa daga bakin wata ƙatuwar dabba ta teku. A 1852 ne wani Bature mai suna Samuel Fox, a kusa da Sheffield ta Ingila, ya fito da siririn ƙarfe mai kwarmi a ciki, marar nauyi, irin wanda muke gani yau. Laimar da ke naɗewa ta shige jaka kuwa sai a 1928 wani Bajamushe, Hans Haupt, ya ƙirƙiro ta, yadin leda kuma bai shiga kasuwa ba sai wajen ƙarshen shekarun 1930. To, fim ɗin da ke ba da labarin zamanin Rumfa ko na Ibrahim Dabo ba ruwansa da ƙarfe mai walƙiya da maɓallin roba. Sannan ba kowa ake ba laima ba. Falke da manomi da mai tallan haja malafa suka sani, ita za a sa musu.

Daɗin abin shi ne duk hannun da ake bukata yana cikin Kano. Masassaƙi zai fiƙe sandar, doguwa sosai, tunda mai riƙo yana ƙasa ne Sarki yana kan doki, ga tsayin rawani. Haƙarƙari a fere shi da gora, wadda ke lanƙwasa ba ta karye ba. Maƙeri zai yi zobba biyu: na sama wanda ba ya motsi, da na ƙasa mai hawa da sauka, wanda 'yan sandunan tokare ke ɗaure a jikinsa, su ke tura haƙarƙarin ya buɗe. Baduku zai naɗe mariƙin da jar fata. Geza da tuntu kuma suna nan wajen masu kayan doki a Kasuwar Kurmi, yadi a Kantin Kwari, in ana son shuɗin baba na gaske a gangara marinar Ƙofar Mata. In kuɗi bai kai ba, ba laifi a sayi babbar laimar kasuwa, a tuɓe mata ledarta gaba ɗaya, a shafe ƙarafan da baƙin fenti marar sheƙi, a canza sanda. Tuɓewa na ce, ba yafa mata wani yadi a kai ba.

Inda aikin ya fi ɓaci shi ne wajen yanka. Tela da bai taɓa yi ba zai shimfiɗa yadi a ƙasa, ya zana da'ira, ya yanka, ya huda tsakiya. Da an buɗe sai ka ga ta yi tattara a wani gefe, ta ɗame a wani har ɗinki na neman farkewa. Rufin laima falle-falle ake yin sa, haƙarƙari takwas falle takwas, kowane mai kusurwa uku. Gefunansa biyu dogaye kuma ba miƙaƙƙu ba ne, suna da ɗan ciki, wannan cikin ne ke ba ta tudun nan mai kama da ƙubba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a warware falle ɗaya daga tsohon rufin, a goge shi, a kwafe shi a takardar siminti. A kula da tafiyar zare: dukkan fallayen su bi hanya guda, gindin kowane ya bi miƙaƙƙen zaren yadin, in ba haka ba wani zai miƙe fiye da wani, laimar ta karkace. A kuma rage ɗan kaɗan a awo don ta ɗame in an buɗe. Tela mai hankali zai fara gwadawa da akoko kafin ya sa almakashi a karan-miski.

Bayan an harhaɗa, sai a ɗaure kowane ɗinki a bakin haƙarƙarinsa da zare mai ƙwari, a riƙa kama ɗaya da kishiyarsa don kada ja ya taru gefe guda, sannan a ɗan kama shi a wuri biyu ko uku a tsawon haƙarƙarin. In za a yi aikin ado, a yi shi tun fallayen suna warware. Geza ce ƙarshe, kuma kada a yi mata rowa. Ita ke nuna motsi in mai riƙo yana juya laimar.

Akwai abin da sai wanda ya tsaya bayan kyamara yake lura da shi. In ana ɗaukar sarki a kan doki, daga ƙasa ake kallonsa, saboda haka cikin laimar ne zai cika hoton, bayanta kuwa da aka sha wahalar ƙawatawa sai jefi-jefi. Dole a yi mata shafi, wanda zai rufe ƙarafa da bakin ɗinki. Launin shafin ma abin dubawa ne. Rana in ta ratsa jan yadi, ja za ta zuba a fuskar ɗan wasa da farin rawaninsa. Kore kuwa sai ya mai da shi kamar wanda ya tashi daga jinya. Shafi fari ko ruwan madara ya fi, don yana mayar da haske kan fuskar da rawani da amawali suka riga suka rufe rabinta.

A dandamali matsalar daban ce. Fitilu daga sama suke, laima kuwa aikinta tare abin da ya zo daga sama, sai sarki ya koma cikin duhu daidai lokacin da zai yanke hukunci. Sai a koya wa mai riƙo ya ɗan karkatar da ita baya. A auna tsayin zauren da na ƙofar shiga, a tuna da fanka. Makaranta kuma ba sai ta nemi karan-miski ba, daga kujerar baya akoko rinanne da geza mai kauri sun wadatar. Matasan Damagaram da ke wasan kara sun daɗe suna kwaikwayon sarki da manyan gari da kayan da suka haɗa da karan hatsi, kuma ba wanda ya kasa gane wane ne wane.

Wani kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne tsofar da kaya da gangan, a jiƙa da ruwan shayi, a goga ƙasa, wai don ya yi kama da na da. Kayan talaka a fim na iya son haka. Laimar sarki kuwa a zamaninta sabuwa ce fil, ana kula da ita. Haka nan ladabi ne kada a kwafi ta wani sarki mai ci sak, musamman in sarkin labarin azzalumi ne. A zaɓi launi da ado na masarautar da aka ƙaga.

In labarin ya shigo zamanin Turawa, a ce wasa ne kan Baturen da ake kira Ɗan Hausa da makarantar da ya buɗe a Nasarawa a 1909, za a iya bukatar 'yar laimar Baturiya, ƙarama, mai leshi da siririn mariƙi. Masu sutura a Turai kan sayi tsofaffin irin waɗannan ne don ƙwarangwal ɗin kawai, su sake rufi. Dalili kuwa, alharinin ƙarshen ƙarni na 19 da yawa an jiƙa shi da sinadarin kuza don ya yi nauyi, yanzu da an buɗe sai ya tsattsage ta kan layin ninki.

Wannan gargaɗi ya shafi tsofaffin laimomin da ke ajiye a gidajen sarauta na cikin gari. In mai fim ya yi sa'a aka nuna masa ɗaya, kada ya roƙi aro ya kai ta lokeshan, rana da iska da gumin hannu su ƙarasa ta. Ya tafi da telansa da abin awo da waya. Su buɗe ta rabi kawai, a hankali, su ƙirga haƙarƙari, su auna falle da tsayin geza, su ɗauki hoton ciki da waje da yadda aka ɗaure zobba. Da wannan awon tela zai ɗinka wata, kamfani ya ajiye ta yana ba wasu haya kamar yadda ake yi da kayan doki.