Tsohuwar Taya a Bakin Kanal

Duk wanda ya tsaya a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir zai ga motoci jere a gefen titin Kano zuwa Zariya, ana ta ɗora kwanduna za a yi kudu. In ya leƙa bayan rumfar mai faci kuwa, ga tayoyin da suka gama aiki an jibge, wasu har waya ta fito. Kaya da zafin kwalta sun cinye su, amma ƙasa ba za ta iya cinye su ba.

Dalili shi ne, tun 1839 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya gano cewa in aka dafa roba da farar wuta sai ta yi ƙarko, rana ba ta narka ta, ruwa ba ya ruɓar da ita. Ƙarkon da direba ke nema shi ne ya zame mana alaƙaƙai bayan an cire tayar.

A Garun Mallam da Kura da Bunkure abin ya fi tsanani, domin tunda aka gama madatsar Tiga a 1974 aka jawo ruwanta ta kanal zuwa gonakin Kadawa, ruwa ba ya yankewa rani da damina. Tayar da aka wurga kanal takan toshe kwalbati, manomin da ke ƙarshen layi ya kwana jiran ruwa. Wadda aka yar a bayan gida kuma, ko yaya ka kifa ta sai ta riƙe ruwa a cikinta. Sauron maleriya ya fi son kududdufi da gonar shinkafa, amma akwai wani mai zane-zanen fari, Aedes, mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi, wanda ɗan ruwan taya ya ishe shi. Ƙwansa kan yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Da haka wani nau'insa ya bi cinikin tsofaffin tayoyi daga Asiya ya isa Amurka a 1985, aka kuma gan shi a Jihar Delta a 1991.

Sai wani ya ce, to a ƙona mana. Ai gara a bar ta da a cinna mata wuta. Mahaucin da ke babbaka kai da ƙafa da taya, da yaron da ke ƙona ta don ya sayar wa 'yan gwangwan waya, duk suna shaƙar baƙin hayaƙin da ke ɗauke da sinadarai masu jawo ciwon daji, naman ma yana sha. Tokar kuma ruwa ya kwashe ta zuwa inda ake ban ruwan albasa da tumatir.

Wuƙa ce maganinta, kuma mutanenmu sun daɗe da sanin haka. Takalmin taya, da guga, da igiyar robar da ake ɗaure kwando a bayan babur, duk daga taya da robar cikinta aka yanko su. A Ibadan, kamfanin Freee Recycle niƙa tayoyi yake yi ya mai da su tayil na daɓe.

Don haka mai faci, tara su a ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba zai same su ba, har mai yanka ya zo saye. Maigida kuma, in za ka ajiye ta a tsakar gida, ka huda ta ko ka cika ta da ƙasa. In kuwa mazubin ruwan awaki ka mai da ita, a riƙa zubar da ruwan ana goge cikinta duk mako.