Dalilin da ya sa ake karrama masu horar da yara wasan besbol a Amurka ko ba su ci kofi ba

A watan Agustan 2014, ƙungiyar yara ta garin Kambalan da ke jihar Rod Ailan ta sha kashi da ci 8 da 7 a hannun takwararta ta Shikago, aka fitar da ita daga gasar duniya ta Little League. Kocinsu, Dave Belisle, ya tara yaran a tsakiyar fili suna hawaye, ya umarce su da su ɗaga kawunansu, ya shaida musu cewa yana alfahari da su. Na'urar ɗaukar magana ta gidan talabijin na jikinsa, don haka Amurka duka ta ji. Har yau ana tuna wannan jawabi fiye da sakamakon wasan.

Besbol wasa ne da wani ke jefa ƙwallo, wani ya doke ta da sanda ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu. Sofbol ɗan uwansa ne, sai dai ƙwallonsa ta fi girma, ana jefa ta daga ƙasa, kuma 'yan mata suka fi buga shi. Carl Stotz ne ya kafa Little League a 1939 a garin Wiliyamsfot na jihar Fensilbaniya da ƙungiyoyi uku kacal. An fara gasar duniya a 1947, aka shigo da sofbol a 1974. Masu horarwar 'yan sa kai ne, galibinsu iyaye da ke zuwa fili bayan sun tashi daga aiki, ba albashi ba alawus.

Abin da ke hannun irin wannan koci ba ƙarami ba ne. Shi ke yanke hukuncin wanda zai buga da wanda zai zauna a benci, shi ne kuma ke riƙe da lafiyar kafaɗar yaro. Yawan jifa na lalata gwiwar hannun da ba ta gama ƙwari ba, shi ya sa tun 2007 aka ƙayyade adadinsa: ɗan shekara 11 zuwa 12 ba zai wuce jifa 85 a rana ba, idan kuma ya kai 66 sai ya huta kwana huɗu. Akwai kuma dokar da ta wajabta a ba kowane yaro damar shiga wasa. To amma doka iyakarta lamba. Yaro na iya gajiya tun a jifa na 50, kuma kocin da ke neman nasara ido rufe zai bar shi ya ci gaba ba tare da ya karya ko da ƙa'ida ɗaya ba. Wanda ya cire gwaninsa a wannan lokaci, yana sane da cewa wasan na iya kuɓuce masa, babu allon sakamako da zai nuna abin da ya yi.

Wannan giɓi ne lambobin yabon ke ƙoƙarin cikewa. Little League na karrama gwarzon koci a besbol da sofbol, da gwarzon ɗan sa kai na shekara. A gasar duniya kuma akwai lambar ladabi mai sunan Jack Losch, ɗaya daga cikin yaran da suka ci gasar farko a 1947, wadda ake ba ƙungiyar da ta fi nuna ɗa'a a fili da wajensa. Ƙungiyar Positive Coaching Alliance, wadda Jim Thompson ya kafa a Jami'ar Stanford a 1998, tana da tata lambar ga kocin da ya haɗa buri biyu: neman nasara da tarbiyyar yaro. Ba ta ce a daina son cin wasa ba. Cewa ta yi idan burin biyu suka yi karo, tarbiyya ce gaba.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka juya wannan tsari. A 2001 an gano cewa Danny Almonte, tauraron ƙungiyar Bironks ta birnin New York, shekararsa 14 ba 12 ba. Aka soke duk nasarorin ƙungiyar, aka dakatar da wanda ya kafa ta har abada. Masu bin ƙwallon ƙafa a Najeriya sun san wannan cuta, domin a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar a 2009 ne FIFA ta fara amfani da hoton ƙashin wuyan hannu wajen tantance shekaru. Yaro ba ya ƙirƙiro wa kansa takardar haihuwa. Manya ne ke yi.

Ita kuwa ƙungiyar Shikago da ta fitar da yaran Belisle, mai suna Jackie Robinson West, ta ci gaba har ta zama zakarar Amurka, kafin Koriya ta Kudu ta doke ta a wasan ƙarshe. A watan Fabrairun 2015 aka ƙwace kambin, bayan an tabbatar da cewa jami'anta sun sauya taswirar yankinsu don shigo da 'yan wasa daga wasu unguwanni. An dakatar da kocin, an cire jami'in gundumar, yaran da suka buga wasan kuma suka rasa kambin da suka yi wa gumi.